Abin da Ke Hana Manhajar Tace Bidiyo Buɗewa a Laftof, da Yadda Ake Gano Inda Matsalar Take

A makon da ya biyo bayan ƙaramar Sallah, lokacin da bukukuwan aure suke yawaita, ɗan yayata ya zo mini da laftof ɗinsa cikin damuwa. Sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da tace shi, kuma akwai aikin kamu da ɗaurin aure da ya yi alkawarin miƙawa cikin kwana biyu. Ya ce, "Kawu, tun jiya manhajar ta ƙi buɗewa, kuma mai gyara ya ce babu mafita sai an yi wa kwamfutar fomatin," wato a goge komai a sake girka Windows. Na ce ya danna ta a gabana. Tambarin manhajar ya fito a tsakiyar allo, ƙananan rubutu suna sauyawa a ƙasansa, aka yi kamar daƙiƙa goma, sai komai ya ɓace ba tare da wani saƙo ba. Waɗannan daƙiƙu goma sun ƙunshi mafi yawan bayanin da ake buƙata don gano cutar, amma kusan kowa yana wuce su ya nufi goge kwamfuta baki ɗaya, wanda shi ne magani mafi tsada kuma mafi hatsari ga mai aikin da bai kammala ba.

Kalmar "ta ƙi buɗewa" tana rufe matsaloli da yawa waɗanda babu abin da ya haɗa su sai kamanni. Dalili kuwa shi ne, buɗewar babbar manhaja irin su DaVinci Resolve, Adobe Premiere Pro, Filmora ko CapCut jerin matakai ne da ke biye da juna, kuma kowane mataki yana iya zama wurin tuntuɓe. Da an danna tambarin, Windows tana ɗauko ainihin fayil ɗin manhajar tare da ɗimbin ƙananan fayiloli masu ƙarewa da .dll waɗanda manhajar ta dogara da su. Idan wannan ya yi daidai, manhajar takan duba ko furosesa, wato ɓangaren da ke yi wa kwamfuta lissafi, tana fahimtar irin umarnin da aka rubuta ta da shi, ta tabbatar da lasisi idan ta kuɗi ce, ta karanta fayil ɗin saitin da mai ita ya bari a rufewar ƙarshe, sannan ta nemi katin hoto, wato ɓangaren da ke sarrafa hoton da ke fita a allo, ta ƙulla magana da shi ta hanyar direbansa, ƙaramar manhajar da ke fassara masa umarni. Bayan haka ne take loda ƙarin kayan aikin da aka liƙa mata, da nau'o'in haruffa, da na'urorin sauti, kafin ta nuna jerin ayyukan da aka ajiye. Manhajar rubutu ko ta lissafi ba ta bin rabin wannan hanya, shi ya sa za ka ga komai yana aiki lafiya a laftof amma manhajar bidiyo ita kaɗai ta tsaya.

Saboda haka aikin farko shi ne lura da inda aka tsaya. Idan an danna babu abin da ya fito ko kaɗan, ko kuma saƙon kuskure ya bayyana nan take, matsalar tana matakan farko, wato fayilolin tallafi ko furosesa ko wata manhajar tsaro da ta tare hanya. Idan tambarin ya fito ya ɗan jima sannan ya ɓace ko ya daskare, an wuce waɗannan, sai a karkata zuwa saiti da katin hoto da ƙarin kayan aiki. Rubutun da ke gudana a ƙasan tambarin ba ado ba ne, yana faɗin abin da ake lodawa a wannan lokaci, kuma layin ƙarshe da aka gani kafin ɓacewa yakan nuna mai laifi. Idan yana saurin wucewa, a ɗauki allon bidiyo da waya a sake kallo a hankali. Tare da wannan akwai tambaya ɗaya da nake ganin ta fi kowace daraja: me ya sauya tsakanin ranar da manhajar ta buɗe lafiya da ranar da ta ƙi? Manhajar da ba ta taɓa buɗewa a wannan laftof ba hukuncinta daban da wadda ta shekara tana aiki sannan ta tsaya, domin ta farko ana tuhumar ƙarfin na'urar ne, ta biyu kuwa ana neman abin da ya taɓa ta.

Akwai abubuwa biyu masu sauƙi da ya kamata a kawar tukuna. A danna Ctrl da Shift da Esc tare don buɗe Task Manager, a duba ko sunan manhajar yana cikin jerin abubuwan da ke gudana. Sau da yawa tana nan a maƙale tun wata rufewa da ba ta kammalu ba, kuma wannan tsohuwar ita ke hana sabuwa tashi, sai a kashe ta a sake gwadawa. Wani lokaci kuma ta buɗe ɗin, amma tagarta ta tafi allo na biyu da aka taɓa haɗawa, kamar talabijin ko majigi, wanda yanzu babu shi. Danna maɓallin Windows da Shift da kibiyar hagu ko dama yakan dawo da ita. Sannan a sake kunna kwamfutar ta zaɓin Restart. Tun daga Windows 8 akwai tsarin saurin tashi wanda ke sa Shut down ta adana wani ɓangare na halin da tsarin yake ciki, har da direbobi, ta dawo da shi idan an kunna, alhali Restart tana faro komai daga tushe. Mutane da yawa sukan ce sun kashe sun kunna har sau biyar, amma a hakikanin gaskiya tsohon halin suke ta dawowa da shi.

Idan wannan bai wadatar ba, sai a karanta abin da kwamfutar ta rubuta da kanta. Windows tana da kundin da take shigar da rahoton kowace manhaja da ta faɗi, ana kiransa Event Viewer. A cikinsa a shiga Windows Logs, sannan Application, a nemi jan rahoto mai lamba 1000 wanda lokacinsa ya yi daidai da lokacin da aka gwada buɗewa. Layuka biyu ne masu amfani a ciki: sunan fayil ɗin da ya jawo faɗuwar, da lambar kuskuren. Idan fayil ɗin nvoglv64.dll ne, direban katin NVIDIA ne; idan atio6axx.dll ne, na AMD ne. Waɗanda suka fara da ig suka ƙare da icd64.dll na Intel ne. Lambar 0xc000001d tana nufin an ba furosesa umarnin da ba ta sani ba. Lambar 0xc0000005 tana nufin an taɓa wurin ƙwaƙwalwa da ba a ba da izini ba, kuma ita ce ta fi yawa, sai dai ba ta faɗin dalili ita kaɗai, dole a haɗa ta da sunan fayil. Wanda Event Viewer ya yi masa cunkoso zai iya danna maɓallin Windows da R ya rubuta perfmon /rel, zai ga rahoton a jere rana bayan rana, tare da ranakun da aka girka ko aka sabunta wani abu, wanda hakan yakan amsa tambayar abin da ya sauya. DaVinci Resolve kuma tana da nata kundin, fayil mai suna ResolveDebug.txt, kuma layukansa na ƙarshe sukan nuna matakin da ta kai.

Katin hoto shi ne inda mafi yawan waɗannan matsaloli suke taruwa, don haka ya cancanci dogon bayani. Manhajojin bidiyo na yanzu ba nuna hoto kawai suke so katin ya yi ba, suna ɗora masa lissafin gyaran launi, da rage hayaniyar hoto, da sauya girma. Suna magana da shi ta wasu harsuna na musamman: CUDA wanda na katunan NVIDIA ne kaɗai, OpenCL wanda AMD da Intel ma suke ji, da Metal a kwamfutocin Apple. DaVinci Resolve, wadda kamfanin Blackmagic Design na Ostareliya ya mallaka tun 2009, ta fi sauran tsanani a wannan fanni, domin an gina ta ne tun asali a kan gyaran launi, kuma idan ba ta sami katin da za ta yi aiki da shi ba, ba ta yarda ta ci gaba. Shi ya sa saƙonninta na kuskure da aka fi gani suke ɗauke da kalmar GPU, wato katin hoton ke nan.

Abin da ke fassara wa katin waɗannan harsuna shi ne direba. Idan aka sake girka Windows a shago aka miƙa wa mai ita ba a saka direban katin ba, kwamfutar za ta yi amfani da wani direba na wucin gadi mai suna Microsoft Basic Display Adapter, wanda ke nuna hoto a allo amma ba ya ɗauke da CUDA ko OpenCL. Mai ita zai ga intanet tana aiki, fim yana kunnuwa, ya ɗauka komai daidai ne, sai ranar da ya girka manhajar tace bidiyo. Ana gane wannan ta buɗe Device Manager, inda Windows ke jera kayan da ke jikin kwamfuta, a duba ƙarƙashin Display adapters. Idan wannan suna aka gani maimakon Intel ko NVIDIA ko AMD, ko aka ga alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a gefen sunan katin, an kama bakin zaren. Maganin shi ne sauke direba daga shafin kamfanin da ya ƙera katin ko wanda ya ƙera laftof ɗin, irin su HP, Dell ko Lenovo, bisa ainihin lambar samfurin da ke rubuce a ƙasan na'urar. Ina jan kunne game da manhajojin da ke alkawarin sabunta dukkan direbobi da danna ɗaya, domin sukan ɗora direban da bai dace da samfurin ba, kuma wasunsu suna tafe da tarkacen talla.

Sabon direba ba koyaushe ne ya fi ba. Idan manhajar ta daina buɗewa washegarin sabunta direba, hanya mafi kusa ita ce komawa na baya, kuma Device Manager tana da maɓallin Roll Back Driver saboda haka. Idan an ɗora direbobi da yawa a kan juna har sun cakuɗe, akwai ƙaramar manhaja kyauta mai suna Display Driver Uninstaller da ke share su tas kafin a saka sabo. Masu katin NVIDIA da sana'arsu bidiyo ce gara su zaɓi Studio Driver, wanda kamfanin ya fara fitarwa a 2019 domin masu irin wannan aiki, maimakon na masu wasannin kwamfuta da ake yawan sauyawa.

Laftof tana da wata matsala ta kanta da kwamfutar tebur ba ta cika fama da ita ba, wato katin hoto biyu a jiki ɗaya. Akwai ƙarami da ke cikin furosesa, mai cin wuta kaɗan, da babba na daban mai ƙarfi. Tsarin yana amfani da ƙaramin a ayyukan yau da kullum don batir ya daɗe, ya tashi babban idan an zo aiki mai nauyi. NVIDIA ta fito da nata salon wannan mai suna Optimus a 2010. Idan zaɓin ya kuskure, manhajar bidiyo za ta faɗa hannun ƙaramin katin, ta ga bai isa ba, ta rufe. Ana gyara wannan a Settings, sashen System, sannan Display, sannan Graphics, inda za a zaɓi manhajar a ba ta High performance. Ya kamata kuma a lura cewa direbobin katunan biyu duk sai sun zama lafiyayyu, domin a mafi yawan laftof hoton da babban katin ya sarrafa ta cikin ƙaramin yake bi kafin ya kai allo. Wasu sukan kashe ƙaramin a Device Manager da zaton za su tilasta amfani da babban, sai su ƙara dagula al'amarin.

Daga nan sai maganar shekarun na'ura, wadda ta shafe mu ƙwarai, tunda yawancin laftof ɗin da matasanmu suke saya a kasuwanni irin su Farm Centre da titin Beirut a Kano na hannu ne da aka shigo da su daga ofisoshin Turai da Amurka. Na'urori ne masu ƙarko, amma ƙarko daban, dacewa da sabuwar manhaja daban. Mai sayarwa zai ce "Core i7 ce," kuma gaskiya ya faɗa, sai dai i7 suna ne na matsayi a cikin zubi ɗaya, wato rukunin furosesa da aka fitar a lokaci guda, ba ya nuna shekara. Shekarar tana cikin lambar da ke biye: a i5-3320M lambar farko 3 tana nufin zubi na uku, na 2012, wanda ake samu a HP EliteBook 8470p, Dell Latitude E6430 da ThinkPad T430. Muhimmancin wannan shi ne, Intel ta shigo da wani rukunin umarni mai suna AVX2 ne a zubi na huɗu a 2013, kuma tun daga Premiere Pro ta 24, wadda ta fito a ƙarshen 2023, Adobe ta wajabta shi. Furosesar zubi na uku, ko da i7 ce, ba ta da shi, haka ma Celeron da Pentium masu yawa da suka fito shekaru bayan haka. Babu direba ko sabuntawa da za ta ƙara wa furosesa umarnin da ba a ƙera ta da shi ba, kuma fomatin sau goma ba zai sauya komai ba.

Haka abin yake ga katin hoto. Tsofaffin laftof na masu zane irin su HP ZBook 15 ta farko da Dell Precision M4800 suna zuwa da katin Quadro K1100M ko K2100M, kuma sunan Quadro yana jan hankalin mai saye. Waɗannan katuna na zubin Kepler ne, wanda ya fara fitowa a 2012, kuma CUDA 11 ta daina tallafa musu, alhali DaVinci Resolve 17 da 18 CUDA 11 suke nema, sababbin kuma sun wuce nan. Game da ram, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, Blackmagic tana neman gigabait 16 a Windows, da 32 ga mai amfani da Fusion, sashen Resolve na ƙara dabarun hoto da zane mai motsi, Adobe kuwa ta sa 8 a matsayin mafi ƙaranci. Ƙarancin ram ya fi jawo nauyi da daskarewa a tsakiyar aiki fiye da hana buɗewa, amma laftof mai gigabait 4 tana iya shaƙewa tun a tambari. Don sanin abin da ke cikin na'ura ba tare da dogaro da maganar kowa ba, a danna maɓallin Windows da R a rubuta dxdiag, za a ga furosesa da ram da katin hoto da ranar direbansa, sai a gwada su da buƙatun da kamfanin manhajar ya wallafa na ainihin zubin da aka girka.

Idan binciken ya nuna na'urar ce ta gaza, mafita ita ce a sauko da manhajar zuwa inda na'urar take. Blackmagic tana ajiye tsofaffin zubin Resolve a shafinta na tallafi, kuma akwai manhajoji kyauta marasa nauyi kamar Shotcut da Kdenlive waɗanda suka isa yanka, haɗawa, sa rubutu da daidaita sauti na bidiyon biki ko wa'azi ko talla. Sai dai a sani cewa aikin da aka ajiye da sabon zubi ba ya yawan buɗewa a tsoho, don haka wanda ke tsakiyar aiki kada ya sabunta manhaja sai ya miƙa abin da ke hannunsa.

Saƙonnin da ke cewa wani fayil na .dll ya ɓace sun fi sauƙin magani, amma nan ne mutane suke jawo wa kansu sabuwar cuta. Idan sunan VCRUNTIME140.dll ne ko MSVCP140.dll, abin da ya ɓace shi ne kunshin Visual C++ Redistributable na Microsoft, kuma ana sauke shi kyauta daga shafin kamfanin. A girka na x64 da na x86 duka. Kuskure mai lamba 0xc000007b yakan fito ne idan manhaja mai bit 64 ta ci karo da fayil mai bit 32, kuma babban abin da ke jawo shi shi ne sauke fayil ɗin .dll guda ɗaya daga wani shafi da ba a sani ba a jefa shi cikin foldar tsarin. Idan kuma MFPlat.dll aka ce babu, a duba ko Windows ɗin mai harafin N ce a ƙarshen sunanta. Wannan nau'i ya samo asali ne daga hukuncin da Hukumar Tarayyar Turai ta yanke wa Microsoft a 2004, wanda ya sa aka riƙa fitar da Windows marar kayan kunna sauti da bidiyo domin kasuwar Turai. Laftof ɗin da ta fito daga can tana iya zuwa da ita, kuma ana cike giɓin da girka Media Feature Pack.

Dole in taɓa maganar fasassun manhajoji, waɗanda ake kira kirak, domin ɓoye ta ba zai taimaki kowa ba. Kuɗin lasisi da dala yana da nauyi ga matashin da ke karɓar ladan aikinsa da naira, kuma na fahimci abin da ke kai mutane can. Amma fasasshiyar manhaja an taɓa fayilolinta ne, kuma manhajar tsaro takan kama waɗannan fayiloli ta killace su, sai a wayi gari an danna babu motsi. Ana ganin haka a Windows Security ƙarƙashin Protection history. Shawarar da ake yawan bayarwa, wai a kashe antibairos a sake girkawa, tana buɗe ƙofa ga duk abin da aka cusa a cikin kunshin, har da masu satar kalmomin sirri na imel da banki, a kwamfutar da ke ɗauke da bidiyon iyalan mutane da aka ba ka amana. Ga wanda na'urarsa za ta iya ɗauka, Resolve ta kyauta halastacciya ce kuma ta isa aikin sana'a.

Akwai ƙananan dalilai da ba sa buƙatar dogon bayani. Idan ƙaramin batirin da ke riƙe agogon kwamfuta ya mutu, kwanan wata yakan koma shekarun baya, kuma manhajar da ke tabbatar da lasisi ta intanet za ta kasa shiga. Idan faifan C, wanda Windows take a kansa, ya cika har ya yi ja, manhajar ba za ta sami wurin rubuta fayilolinta na wucin gadi ba. Cajar da ƙarfinta bai kai abin da laftof ke nema ba tana sa na'urar ta rage gudun furosesa da na katin hoto, kuma laftof ɗin Dell sukan faɗi haka a rubuce lokacin kunnawa. Ƙarin kayan aiki na launi ko sauti da aka sauke daga waje su ma sukan kayar da manhaja a tambari idan ba su dace da zubinta ba. Na Resolve suna zama a foldar OFX da ke cikin Common Files, na Premiere kuma a foldar MediaCore, kuma fitar da su gefe na ɗan lokaci yana nuna ko su ne. A laftof ɗin Apple hanyar binciken ɗaya ce, sai dai kundin rahoton ana kiransa Console, direban katin hoto yana zuwa ne tare da sabunta macOS, kuma tun da kamfanin ya koma furosesarsa ta M1 a 2020 tsofaffin ƙarin kayan aiki da aka rubuta don Intel sukan jawo cikas.

Na bar fayil ɗin saiti zuwa nan domin shi ne ya kama ɗan yayata. Mun duba direbansa lafiya lau, na'urarsa ta cika sharuɗɗa, kuma manhajar ta fi shekara tana aiki. Da na tambaye shi abin da ya faru a rana ta ƙarshe, sai ya ce, "Kawu, ina cikin rufewa aka ɗauke wuta." Batirin laftof ɗin ya daɗe da mutuwa, da an zare caja take mutuwa. A daidai lokacin rufewa ne manhaja take rubuta saitinta, wato girman tagogi, katin da aka zaɓa, na'urar sauti da aikin ƙarshe da aka buɗe. Idan wuta ta yanke a tsakiyar rubutun, fayil ɗin yakan zama rabi, kuma a buɗewa ta gaba manhajar za ta karanta shi ta kasa fahimta ta faɗi. Cire manhajar a sake girka ta ba ya magance wannan a mafi yawan lokuta, saboda saitin ba ya zama tare da manhajar, yana cikin ɓoyayyiyar foldar mai amfani, kuma sabuwar da aka girka za ta je ta karanta lalataccen fayil ɗin nan dai. Wannan shi ne sirrin kukan da ake yawan ji na cewa an sake girkawa har sau uku babu canji.

Ana isa wurin ta danna maɓallin Windows da R a rubuta %appdata%, sannan a nemi foldar kamfanin manhajar. A Resolve akwai folda mai suna Preferences a ƙarƙashin Blackmagic Design. Premiere kuwa ta sauƙaƙa abin, domin riƙe maɓallin Alt lokacin da take tashi yana ba da damar mayar da saiti yadda ya zo daga kamfani. Ƙa'idar da nake bi ita ce sauya wa foldar suna maimakon goge ta, misali a ƙara kalmar "tsoho" a ƙarshe. Manhajar za ta neme ta ta rasa, ta ƙirƙiri sabuwa. Idan hakan bai yi amfani ba, a mayar da sunan farko, ba a yi asarar komai ba. Idan ana so a tabbatar ko matsalar tana cikin foldar mai amfani ne kafin a taɓa ta, a buɗe sabon asusun mai amfani a Windows a gwada manhajar daga can. Buɗewarta a sabon asusu shaida ce cewa manhajar da direba da na'urar duk lafiyarsu ƙalau.

A wannan ɓoyayyiyar folda kuma akwai dalilin da ya sa nake tsoron fomatin ga masu tace bidiyo. Mutum yakan ce bidiyoyinsa suna faifan waje, don haka babu abin da zai rasa. Ɗanyen bidiyon yana can, gaskiya ne, amma aikin tacewar, wato inda aka yanka, yadda aka jera, launin da aka gyara da rubutun da aka ɗora, wani abu ne daban. Resolve, idan ba a sauya mata wuri ba, tana ajiye dukkan ayyukan ne a rumbu ɗaya a cikin AppData a faifan C, a foldar da sababbin zubi ke kira Resolve Project Library. Premiere kuma takan ajiye fayilolin aiki da kwafinsu na ajiyar kai-tsaye a Documents idan ba a zaɓi wani wuri ba. Fomatin yana share waɗannan duka. Idan har bincike ya kai ga cewa Windows ɗin ce ta lalace, bayan an gwada umarnin sfc /scannow da ke gyara fayilolin tsarin, to kafin a miƙa laftof ga mai gyara a kwafe waɗannan foldoji zuwa faifan waje, a buɗe kwafin a tabbatar ya cika, a rubuta lambar zubin manhajar da ake amfani da shi domin a girka irinsa, kuma a gaya wa mai gyaran a fili cewa sai ya saka direbobin katin hoto.

Mun sauya wa foldar saitin ɗan yayata suna, muka danna tambarin, ya wuce inda yake tsayawa, jerin ayyukansa ya bayyana har da na bikin da ake jira. Abin da ya rasa shi ne tsarin tagoginsa da gajerun maɓallan da ya saita wa kansa, kuma ya mayar da su cikin kwata na awa. Kafin ya ci gaba da aiki na sa ya kwafe rumbun ayyukansa zuwa faifan waje, washegari kuma ya je kasuwa da lambar samfurin laftof ɗin a rubuce a takarda ya sayo sabon batir.